Yadda Ake Shiga Sabar Daga Nesa Da Mabuɗin SSH, Da Yadda Ake Karɓe Izinin Idan Lokaci Ya Yi

Tambaya biyu ce ke ta dawowa daga masu kula da sabar Linux. Ta farko daga sabon shiga ne: ina shiga sabar da kalmar sirri, an ce mini in koma mabuɗi, ta ina zan fara? Ta biyun daga wanda ya riga ya koma ne, amma yanzu mutane da dama ke shiga sabar ɗin, kuma ba zai iya faɗa maka mabuɗin wa ke ina ba. Wannan jagorar za ta amsa su duka, ɗaya bayan ɗaya, da OpenSSH, wato manhajar shiga sabar daga nesa ta hanyar SSH mai ɓoye saƙo, wadda kusan kowace sabar Linux ke zuwa da ita.

Akwai abu guda da nake so ka riƙe tun daga nan. Ba wa mutum izinin shiga aikin minti biyu ne. Inda ake gane tsari mai kyau shi ne ranar da za a karɓe izinin: kwamfuta ta ɓata, ma'aikaci ya bar aiki, kwangila ta ƙare. Duk wani zaɓi da za ka ga na yi a ƙasa, da wannan ranar a zuciyata na yi shi.

Mataki na 1: Haɗa kaya, ka tanadi hanyar gaggawa

Kana bukatar kwamfutarka, adireshin sabar, da asusun da ke da ikon `sudo` a kanta, wato ikon gudanar da umarni a matsayin mai kula da sabar. Linux da macOS suna zuwa da `ssh` a cikinsu. Windows 10 na baya-bayan nan da Windows 11 su ma suna da shi, ta PowerShell ake kiransa. Buga `ssh -V` ka ga sigar da kake da ita.

Maganar kuɗi ba ta da tsawo. OpenSSH kyauta ne, mabuɗan da za ka ƙirƙira kyauta ne, satifiket ɗin da za mu zo gare shi ma kyauta ne. Abin da ake saye shi ne ɗan mabuɗin ƙarfe da ake sokawa a ramin USB, irin YubiKey, kuma wannan zaɓi ne, ba dole ba.

Gargaɗi kafin ka taɓa komai: ka shiga shafin kamfanin da ya ba ka hayar sabar, ka nemo allon gaggawa da suke bayarwa, wanda ke kai ka cikin sabar ba ta hanyar SSH ba. Ka gwada shi yau, ka tabbatar ka san kalmar sirrin da yake nema. Wanda ya kulle kansa a waje ba tare da wannan ba, sau da yawa sai dai ya sake gina sabar daga tushe.

Mataki na 2: Ƙirƙiri mabuɗin a kwamfutarka

A kwamfutarka ake yin wannan, ba a sabar ba:

`ssh-keygen -t ed25519 -C "injiniya1-laftof-2025"`

Zai tambaye ka inda zai ajiye, danna Enter ya sa a `~/.ssh/id_ed25519`. Idan ya ce akwai fayil mai wannan sunan, ya tambaya ko ya rubuta a kansa, ka tsaya. Amsa da `y` na nufin tsohon mabuɗin ya tafi, tare da duk sabar da kake shiga da shi. Ka ba sabon wani suna da `-f`.

Fayil biyu za su fito. Mai ƙarewa da `.pub` shi ne mabuɗin fili, ɗayan kuma mabuɗin sirri. Ka ɗauki na filin kamar kwaɗo: za ka iya rataya irinsa a sabar ɗari, kowa ya gan shi, ba komai. Na sirrin shi ne abin buɗewa, kuma ba ya barin kwamfutar da aka ƙirƙire shi a cikinta. Ba a tura shi ta imel, ba a tura shi ta WhatsApp, ba a ɗora shi a sabar, ba a jefa shi cikin Git. Duk mai kula da sabar da ya ce ka turo masa mabuɗinka, na `.pub` yake nufi. Idan kuwa na sirrin yake nufi, ka ƙi.

Daga nan zai nemi jimlar sirri, wadda ake kulle fayil ɗin mabuɗin da ita. Mutane da yawa na danna Enter su wuce. Kada ka bi su. Mabuɗin da ba shi da jimlar sirri, duk wanda ya kwafi fayil ɗin ya zama kai a idon sabar. Ka haɗa kalmomi biyar ko shida da ba su da alaƙa da juna. Idan ka riga ka yi mabuɗi babu ita, `ssh-keygen -p -f ~/.ssh/id_ed25519` zai sa masa ba tare da mabuɗin ya canza ba.

Rubutun da ke bayan `-C` ba ya cikin lissafin tsaro, amma kada ka raina shi. Shi ne zai bayyana a ƙarshen layin mabuɗin a sabar, kuma bayan shekara biyu shi kaɗai zai gaya wa mai dubawa na wane ne, na wace na'ura ne. Sunan mutum, sunan na'ura, shekara.

Me ya sa Ed25519, nau'in mabuɗin da muka zaɓa da `-t`? Gajere ne, yana da sauri, kuma OpenSSH ya san shi tun siga ta 6.5 a 2014. Daga siga ta 9.5 a 2023 ma shi `ssh-keygen` ke yi idan ba a faɗa masa nau'i ba. Sai idan tsohuwar na'ura ta ƙi shi za ka koma `ssh-keygen -t rsa -b 4096`. DSA kuwa ka manta da shi, an cire shi gaba ɗaya a siga ta 10.0 a 2025.

Mai mabuɗin ƙarfe zai yi amfani da `-t ed25519-sk`, muddin kwamfutarsa da sabar duk suna da siga ta 8.2 ko sama. Amfaninsa shi ne sirrin na cikin ƙarfen, kwafe fayil ba ya wadatar da ɓarawo. Idan za ka bi wannan hanyar ka sayi biyu, ka yi wa kowanne rajista, ka adana ɗaya.

Mataki na 3: Tabbatar sabar da kake magana da ita taka ce

Karon farko da ka buga `ssh`, zai nuna maka wani dogon rubutu mai farawa da `SHA256:` ya tambaya ko ka yarda. Wannan tambarin mabuɗin sabar ce ita kanta. Kusan kowa `yes` yake bugawa bai duba ba. Dubawar ba ta da wuya: ta allon gaggawa ka buga

`ssh-keygen -lf /etc/ssh/ssh_host_ed25519_key.pub`

ka kwatanta. Idan sun yi daidai, ka yarda, za a ajiye shi a `~/.ssh/known_hosts`.

Wata rana za ka iya ganin babban gargaɗi cewa shaidar sabar ta canza. Idan kai ka sake gina sabar, `ssh-keygen -R 203.0.113.10` zai goge tsohon tambarin, da adireshinka a madadin na misalin. Idan ba ka san dalilin canjin ba, kada ka goge, kada ka shiga, ka bincika tukuna.

Mataki na 4: Kowa da asusunsa, kowa da mabuɗinsa

A nan ake yin kuskuren da ya fi tsada daga baya. Ƙungiya ta ƙirƙiri mabuɗi ɗaya, ta rarraba wa mutum shida, kowa na shiga a matsayin `root`, asusun da ke da cikakken iko a sabar. Aiki na tafiya lafiya har ranar da ɗaya ya tafi. Ranar sai an canza wa kowa, kuma idan an yi ɓarna rajistar sabar, inda take rubuta wanda ya shiga, ba za ta iya nuna wanda ya yi ba, don a wurinta duk mutum ɗaya ne.

Saboda haka ka buɗe wa kowa asusu:

`sudo adduser injiniya1`

Wanda aikinsa ke bukatar iko ka sa shi a rukunin `sudo` a Debian da Ubuntu, ko `wheel` a Fedora da dangin Red Hat:

`sudo usermod -aG sudo injiniya1`

Kula da `-a` ɗin nan. Idan ka bar shi, umarnin zai fitar da mutumin daga duk sauran rukunonin da yake ciki.

Yanzu a ɗora mabuɗin fili. Daga Linux ko macOS, tun kalmar sirri na aiki:

`ssh-copy-id -i ~/.ssh/id_ed25519.pub injiniya1@203.0.113.10`

Windows ba shi da wannan umarnin. Sai ka buɗe fayil ɗin `.pub`, ka kwafi layin, ka shiga sabar, ka liƙa shi cikin `~/.ssh/authorized_keys`. Layi ɗaya ne tak, daga `ssh-ed25519` har zuwa sunan da ka rubuta. Idan ya karye gida biyu wajen liƙawa, ba zai yi aiki ba, kuma ba abin da zai gaya maka dalili. Mai ƙarawa da umarni kuma ya lura da bambancin `>>` da `>`: na farko ƙari yake yi a ƙasa, na biyu share duk abin da ke ciki yake yi ya rubuta sabo.

Sai izinin fayiloli, wanda shi ne ya fi hana mabuɗi aiki:

`chmod 700 ~/.ssh`

`chmod 600 ~/.ssh/authorized_keys`

OpenSSH na ƙin karanta fayil ɗin idan wani ban da mai asusun na iya rubutu a cikinsa, ko a foldar `.ssh`, ko ma a babbar foldar gidan asusun. Dalilinsa mai kyau ne: wanda zai iya rubutu a wurin zai iya sa mabuɗinsa. Idan kai ne ka ƙirƙira wa wani fayilolin da `sudo`, mallakarsu za ta zama ta `root`, sai ka mayar masa:

`sudo chown -R injiniya1:injiniya1 /home/injiniya1/.ssh`

A sabar da ke da ƙarin tsarin tsaro na SELinux, kamar dangin Red Hat, ka ƙara da `restorecon -R -v /home/injiniya1/.ssh` idan ka kwafo foldar daga wani wuri.

Mutum mai na'ura biyu ya yi mabuɗi biyu, layi biyu a fayil ɗin. Ranar da laftof ta ɓata, layinta kawai za a goge.

Mataki na 5: Gwada kafin ka ci gaba

Buɗe sabuwar taga ka buga:

`ssh -o PreferredAuthentications=publickey injiniya1@203.0.113.10`

Wannan zaɓin na hana shi komawa kalmar sirri a ɓoye, don kada ka ɗauka mabuɗi ne ya shigar da kai alhali ba shi ba ne. Jimlar sirrin mabuɗin kawai ya kamata ya nema.

Idan ya ƙi, ƙara `-v` ka ga waɗanne mabuɗai yake miƙawa. Amma amsar gaskiya tana wurin sabar, don ita ba ta faɗa wa baƙo dalilin ƙin sa. Duba `sudo journalctl -u ssh` a Debian da Ubuntu, ko `-u sshd` a dangin Red Hat. Wasu sabar na ajiye wannan a `/var/log/auth.log` ko `/var/log/secure`. Idan ka ga `bad ownership or modes`, ka koma mataki na 4.

Wata matsala da ke ruɗa mutane: tsohon mabuɗin RSA da ya yi shekaru yana aiki, aka sabunta sabar, sai ya daina. Tun siga ta 8.8 a 2021 OpenSSH ya daina karɓar sa hannun RSA mai amfani da tsohon lissafin SHA-1. Yawanci mabuɗin lafiyarsa ƙalau, manhajar da ke kwamfutar mai shiga ce ta tsufa. A sabunta ta, ko a yi sabon Ed25519. Ban ba da shawarar a sake kunna tsohon tsarin a sabar ba.

Mataki na 6: Sauƙaƙa wa kanka shiga

Tsaron da ke gajiyar da mutum, watsar da shi ake yi. Ka rubuta wannan a `~/.ssh/config` na kwamfutarka:

`Host sabar1`
`  HostName 203.0.113.10`
`  User injiniya1`
`  IdentityFile ~/.ssh/id_ed25519`
`  IdentitiesOnly yes`
`  AddKeysToAgent yes`

Daga yanzu `ssh sabar1` ya isa. Layin ƙarshe na miƙa mabuɗin ga `ssh-agent`, wanda ke riƙe shi a buɗe cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, don kada ka riƙa buga jimlar sirri kowane lokaci. `IdentitiesOnly` kuma na maganin saƙon `Too many authentication failures`: sabar na yanke haɗi bayan gwaji 6 idan ba a canza ba, kuma mai mabuɗai da yawa na iya cinye gwajin kafin a zo kan wanda ya dace.

Gargaɗi: za ka ga ana ba da shawarar `ForwardAgent yes` don tsallakawa daga sabar zuwa wata. Muddin kana ciki, duk mai ikon `root` a sabar ta tsakiya zai iya amfani da mabuɗinka ya shiga wasu wuraren da sunanka. `ProxyJump` na yin aikin tsallaken ba tare da wannan haɗarin ba: `ssh -J sabar1 sabar2`.

Mataki na 7: Kashe shiga da kalmar sirri

Sai an yi wannan ne aikin da aka yi a baya ke da amfani. Sabar da ke karɓar mabuɗi kuma tana karɓar kalmar sirri, masu cinke na nan suna gwada sa'arsu a tashar 22, ƙofar da SSH ke karɓar masu shiga, dare da rana. Duba rajistar kowace sabar da ke kan intanet za ka gan su.

Ka bar taga ɗaya a buɗe cikin sabar, kada ka rufe ta har a gama matakin nan gaba ɗaya. Sake kunna hidimar SSH ba ya yanke wanda ke ciki, don haka wannan tagar ce za ka gyara kuskure da ita.

Fara da rukunin waɗanda aka yarda su shiga:

`sudo groupadd masu-shiga`

`sudo usermod -aG masu-shiga injiniya1`

Ka sa kanka a ciki kafin kowa. Sannan ka ƙirƙiri `/etc/ssh/sshd_config.d/01-tsaro.conf` da waɗannan layukan:

`PubkeyAuthentication yes`
`PasswordAuthentication no`
`KbdInteractiveAuthentication no`
`PermitRootLogin no`
`AllowGroups masu-shiga`

Lambar 01 ba ado ba ce. A tsarin `sshd`, wato hidimar SSH da ke gudana a sabar, ƙimar da aka fara karantawa ita ke aiki, ba ta ƙarshe ba, kuma fayilolin wannan foldar bisa jerin suna ake karanta su, galibi kafin sauran babban fayil ɗin. Sabar haya da yawa masu Ubuntu na zuwa da `50-cloud-init.conf` mai ɗauke da `PasswordAuthentication yes`. Mutum zai gyara babban `sshd_config`, ya sake kunnawa, ya tafi hankalinsa kwance, alhali ba abin da ya canza. Idan sabar ɗinka tsohuwa ce, babu layin `Include` a saman `/etc/ssh/sshd_config`, sai ka rubuta layukan a cikin babban fayil ɗin kai tsaye, kuma a can sunan layi na uku `ChallengeResponseAuthentication` ne.

Yanzu a jere, kada ka tsallake ko ɗaya:

`sudo sshd -t`

Shiru na nufin rubutun ba kuskure. Idan ya yi magana, gyara kafin ka matsa.

`sudo sshd -T | grep -i passwordauthentication`

Wannan na nuna abin da zai yi aiki a zahiri bayan an haɗa duk fayilolin. Dole ka ga `no`.

`sudo systemctl restart ssh`

A dangin Red Hat `sshd` ne sunan. Sai ka buɗe sabuwar taga ka shiga da mabuɗi. Ya yi? To gwada akasin haka:

`ssh -o PubkeyAuthentication=no injiniya1@203.0.113.10`

Amsar da ake so ita ce `Permission denied (publickey)`. Bayan ka ga duka biyun ne za ka rufe tsohuwar tagar.

Kalmar sirrin asusun ba ta mutu ba, `sudo` zai ci gaba da neman ta, allon gaggawa ma haka. Ka bar ta da ƙarfi.

Mataki na 8: Ɗaure mabuɗan da na'ura ke amfani da su

Aikin da ke gudana shi kaɗai da dare, kamar kwafe ajiya zuwa wata sabar, ba wanda zai buga masa jimlar sirri. Tunda mabuɗinsa a buɗe yake, sai a rage masa iko. A gaban layinsa cikin `authorized_keys` ka rubuta:

`restrict,from="203.0.113.25",command="/usr/local/bin/ajiya.sh" ssh-ed25519 AAAA...`

Daga wannan adireshin kawai zai shiga, wannan umarnin kawai zai gudana ko me aka nema, kuma `restrict` ya toshe sauran damammaki. Ɗan kwangilar wata uku kuma ana iya sa wa layinsa `expiry-time="20261231"`, ranar na wucewa mabuɗin ya daina aiki ko an manta da shi.

Mataki na 9: Idan sabar da mutane sun yi yawa, koma satifiket

Sabar biyu da mutum uku, abin da ke sama ya wadatar, kana iya wucewa mataki na 10. Amma sabar 20 da mutum 15 layi 300 ke nan warwatse a wurare daban-daban, kuma ba mai iya rantsuwa cewa ya goge na wanda ya tafi a ko'ina. A nan nake ganin ya kamata a daina kwafe mabuɗai. OpenSSH na da maganin tun siga ta 5.4 a 2010, mutane ne ba su cika sanin sa ba.

Tsarin shi ne a yi mabuɗi guda na sa hannu. Kowace sabar a gaya mata ta amince da duk mabuɗin da wannan ya sa wa hannu. Mai shiga ya kawo mabuɗinsa na fili, a sa masa hannu da wa'adi, ya tafi. Ba a sake taɓa `authorized_keys`.

Ƙirƙiri mabuɗin sa hannun:

`ssh-keygen -t ed25519 -f amintacce -C "mabudin-sa-hannu"`

Gargaɗi mafi nauyi a jagorar nan: wanda ya mallaki wannan fayil ɗin zai iya shiga kowace sabar a matsayin kowa. Ba a ajiye shi a sabar da yake buɗewa. Wurinsa na'ura ce keɓaɓɓiya ko mabuɗin ƙarfe, da jimlar sirri mai ƙarfi, da kwafi ɗaya a kulle, kuma mutum biyu ko uku kawai su san inda yake.

Kai `amintacce.pub` kowace sabar a `/etc/ssh/`, ka ƙara a fayil ɗin tsaro, `01-tsaro.conf` na mataki na 7:

`TrustedUserCAKeys /etc/ssh/amintacce.pub`

Sai `sshd -t` da sake kunnawa kamar ɗazu. Sa hannu kuma haka ake yi:

`ssh-keygen -s amintacce -I injiniya1-laftof -n injiniya1 -V -5m:+4w -z 1 id_ed25519.pub`

`-I` shi ne sunan da zai fito a rajistar sabar duk lokacin da aka shiga. `-n` sunan asusun da aka yarda ya shiga ne, kuma idan babu shi sabar ba za ta karɓi satifiket ɗin ba. `-z` lambar jeri ce, ka riƙa ƙara ta kana rubutawa a wani kundi tare da suna da rana. `-V` shi ne wa'adi, a nan mako 4. Minti 5 na baya saboda agogo ne: idan agogon sabar ya ɗan yi baya, za ta ce lokacin satifiket ɗin bai yi ba tukuna. Ka tabbatar agogon kowace sabar na daidaita kansa da `chrony` ko makamancinsa.

Kada ka taɓa barin `-V`. Satifiket ɗin da ba a sa wa wa'adi ba har abada yake aiki, kuma wa'adin shi ne babban abin da ya sa muka zo nan. Tsawonsa kuwa ya danganta da yadda sabuntawa ke da sauƙi a wurinku. Inda da hannu ake sa hannu, mako 4 zuwa 8 abu ne da za a iya ɗorewa a kai. Inda manhaja ke yi, ana sauko da shi zuwa awanni.

Fayil mai suna `id_ed25519-cert.pub` zai fito. Mai shi ya ajiye shi kusa da mabuɗinsa a `~/.ssh`, `ssh` zai ɗauke shi da kansa. `ssh-keygen -L -f id_ed25519-cert.pub` na nuna abin da ke ciki, har da ranar ƙarewa.

Idan kana so wasu su shiga sabar yanar gizo kawai, wasu ta rumbun bayanai, ƙara `AuthorizedPrincipalsFile /etc/ssh/izini/%u`. A kowace sabar, fayil mai sunan asusun zai ɗauki sunayen matsayin da aka yarda da su, misali `masu-yanar`, kuma wannan sunan za ka sa a `-n`. Da zarar ka kunna wannan layin, sunan asusu kaɗai ba ya shigar da mai satifiket sai yana cikin fayil ɗin, don haka ka rubuta naka kafin ka sake kunnawa.

Bayan kowa ya gwada satifiket ɗinsa, ka goge tsofaffin layuka daga `authorized_keys`. Idan ka bar su, wa'adi ba zai hana kowa shiga ba.

Mataki na 10: Karɓe izini

Ka shirya wannan tun ba a bukace shi ba. A kowace sabar:

`sudo touch /etc/ssh/sokakku`

sannan ka ƙara `RevokedKeys /etc/ssh/sokakku` a fayil ɗin tsaro. Tsarin jerin na da muhimmanci: fayil tukuna, layi daga baya. Idan layin na nan amma `sshd` bai iya karanta fayil ɗin ba, zai ƙi mabuɗin kowa, har naka.

Ranar da kwamfuta ta ɓata, ka liƙa layin `.pub` na wannan mabuɗin cikin `sokakku` a duk sabar. Daga nan ba zai shiga ba, ko yana cikin `authorized_keys` ɗin da aka manta, ko yana da satifiket da wa'adinsa bai cika ba. Shi ya sa yake da kyau ka ajiye kwafin mabuɗin fili na kowa a kundin da kake rubuta lambobin jeri. Kada ka jira ka ga ko ɓarawon zai iya fasa jimlar sirri. Amfaninta ta saya maka lokacin soke mabuɗin ne kawai.

Idan mutum ne ya bar aiki, akwai tarko biyu. Na farko, `usermod -L` kalmar sirri kawai yake kullewa, a sabar da yawa mai mabuɗi zai ci gaba da shiga. Abin da ke rufe asusun shi ne:

`sudo usermod --expiredate 1 injiniya1`

Ka kuma fitar da shi daga rukunin da `sudo gpasswd -d injiniya1 masu-shiga`. Na biyu, soke mabuɗi ba ya fitar da wanda ke ciki a lokacin. Duba da `who`, ka yanke da `sudo pkill -u injiniya1`. Sannan ka leƙa `sudo crontab -l -u injiniya1` ko ya bar aikin da ke tashi da kansa, kuma idan yana da ikon `sudo`, ka duba `authorized_keys` na sauran asusun, musamman na `root`, ko an ƙara layin da ba a san shi ba.

Sau ɗaya a wata uku ka bi duk sabar da wannan:

`sudo find /home /root -name authorized_keys -exec ssh-keygen -lf {} \;`

Zai jero tambari da sunan kowane mabuɗi. Ka kwatanta da kundinka, ka kuma nemo layukan `Accepted publickey` a rajista don ka ga waɗanda ake amfani da su a zahiri. Layin da ba wanda ya ce nasa ne, ka kwafe shi gefe, ka cire shi daga fayil ɗin. Idan wani aiki na dogaro da shi za ka ji labari cikin kwana ɗaya ko biyu, sai ka mayar da shi da suna da `restrict` a gabansa.